Maharazu, Wanda Muka Kira Mai Guba

Kafin rana ta ɗago, Maharazu ya riga ya wanke kasakensa uku. Ba na suya ba ne, gindin fasassun tukwane ne da ya jera a inuwar itacen bedin ƙofar gidansa, bayan kasuwar Bawdeta. Yakan zubar da ruwan jiya, ya goge kowane kasko da yashi, ya ɗauraye, sannan ya cika shi da sabon ruwa. Ɗaya na karensa ne, ɗaya na kyanwarsa, na ukun kuwa na duk dabbar da ƙishirwa ta koro, ko tana da mai ita ko ba ta da shi. Daga nan sai ya zauna a kan wani tsohon turmi da ya kife, karen ya zo ya ɗora haɓa a gwiwarsa. Ya buɗa kunnuwa, ya laluba tsakanin yatsu, ya bi wuya har gindin wutsiya, yana neman kaska. In ya same ta ba ya fizgewa. Yakan kama ta daf da fata, ya ja a hankali har kanta ya fito, ya jefa cikin gwangwanin kananzir. Sai ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, sannan ya sha kununsa.

Da ido yake wannan aiki a da. Yanzu da laluben yatsu yake yi, domin yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu. Bana, karo na farko cikin shekara arba'in da wani abu, an ci kasuwar Kona, an ci ta Tasawa, an ci ta Mayahi, ba a ga jakinsa ba. Ba wanda ya kira taro, ba wanda ya ba shi ko takardar yabo. Da na tambaya a kasuwa, wani mai sayar da igiya ya ce mani, "Wa? Au, Mai Guba? Ai ya makance." Ya ci gaba da murza igiyarsa.

Mai Guba. Haka muke kiransa, babba da yaro, yau shekara ashirin da biyar. Akwai matan da har gobe in ya ratsa kusa da tallarsu sai su ja faifai su rufe ƙwarya. Ni sunana Isufu, tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Kona, na aje alli shekara uku ke nan. Na ɗauki alƙalami ne don in jinjina wa wannan bawan Allah tun yana da rai, kuma don in cire masa wannan suna. Ba nasa ba ne. Na san wanda ya jawo masa shi, kuma zan faɗa kafin in aje alƙalamin.

Maharazu bai taɓa shiga kilas ya yi boko ba. Lebura aka ɗauke shi a gidan likitan dabbobi yana saurayi, aikinsa riƙe igiya da danne saniya in za a yi mata allura. Amma mutum ne mai sa ido, abin da ya gani sau biyu ya zauna masa. Ya lura kowa na kawo saniya, kowa na kawo akuya da jaki, amma ba mai kawo kare, ba mai kawo kyanwa. A faɗi gaskiya, mu mutanen karkara aikin kare muke so, karen ne ba ma so. Ya tsare garke, ya kori dila, ya yi wa ɓarawo haushi, ladansa jifa da hoge a haƙarƙari. Kyanwa ta ɗan fi shi gata tunda tana shiga ɗaki, amma ita ma ba mai tambayar ko ta sha ruwa yau.

Sai ya ɗora wa kansa aikin da ba a sa shi ba. Ran kasuwa in an gama da shanu, yakan koma can gefe inda ake ɗaure jakuna, tunda ba mai ba shi rumfa, ya shimfiɗa buhu ya zauna. Wani makiyayi daga Isawan, Ƙadri, ya ba ni labarin haɗuwarsu ta farko. Da tsakar rana ne cikin bazara, ya shigo kasuwa yana jan karensa da waya a wuya, karen na ɗingishi. Maharazu ya kira shi ya ce, "Aza tafin hannunka a ƙasa." Ƙadri ya aza, ya janye da sauri yana yarfewa. Maharazu ya ce, "To, shi da ƙafa huɗu yake takawa, kuma ba ya da takalmi. In rana ta take, ka bar shi a inuwa." Ya kwance wayar da ta fara cin wuyan, ya wanke gyambon, ya ba shi igiya mai laushi. Ƙadri ya ce, "Wallahi Malam, na ji kunya kamar in nutse. Karen nan sau biyu yana raba ni da dila a garke, ban taɓa tunanin yana jin zafi ba."

Abubuwan da yake faɗa ba masu wuya ba ne, shi ya sa muke raina su. A sa wa dabba ruwa mai tsabta kullum, ba sai ta je ta lasa a kwata ba. Tuwon da ya yi funfuna, wanda kai ba za ka ci ba, kada ka zuba wa kare ka ce ka yi sadaka. Ƙashin kaza yana tsagewa ya soke hanji. Mushe a binne shi da zurfi, don karen da ya saba da mushe ya kusa barin gida. Kyanwa a aje mata kwanon yashi a lungu, kuma kada a raba ta da 'ya'yanta sai sun yi wata biyu. A kai kare allurar hauka kowace shekara, kuma duk wanda aka yi wa, Maharazu kan ɗaura masa jan ƙyalle a wuya don a gane shi. Samari na yi masa tsiya, suna cewa ya naɗa wa karnuka rawani. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce gara su, su in an naɗa masu ba sa girman kai.

Akwai wata mata, Lauratu, da kare ya ciza a ƙauri a bakin rijiya. Mutane suka taru, wannan na cewa a shafa toka, wancan na cewa a sa wuta a ƙone wurin. Maharazu ya ture su, ya sa aka riƙa jawo guga bayan guga, yana wanke ciwon da sabulu, ruwa na kwarara, har tsawon lokacin da mace za ta surfa tiya guda ta gero. Sannan ya aza ta kan jakinsa, shi yana ƙasa, sai gidan likita. Lauratu na nan da ranta, har da jikoki. Kwanan baya na tambaye ta wa ya cece ta ran nan, ta ce, "Allah ne, sai kuma Mai Guba." Ko ita bakinta bai san wani sunan ba.

Yanzu bari in faɗi inda sunan ya fito.

Daminar tamanin da huɗu ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba. Waɗanda suka ga ranin da ya biyo baya ba sa son a tuna masu. Maza suka watse cin rani, ƙauyuka suka zama kufai, shanun makiyayan arewa suka riƙa faɗuwa a bakin hanya har wari ya hana numfashi. Karnukan da masu su suka tafi suka bari suka koma cin mushe, suka zama garke. Ana haka mahaukacin kare ya ciji mutane a wani ƙauye kusa da mu, biyu suka rasu, mutuwar da ba a fatan ko maƙiyi ya yi. Sai takarda ta zo daga sama: a zuba nama mai guba a kowane gari, a kashe duk karen da ke yawo. Zamanin soja ne, ba a ce wa takarda don me. Aka duba wa za a ba wannan ƙazamin aiki, ido ya faɗa kan wanda da ma karnuka suka sani, suke zuwa in ya kira.

Ku duba fa wannan abu. Mutumin da ya ɗaura masu ƙyalle da hannunsa, shi aka miƙa wa buhun. Bai iya cewa a'a ba, kuma ya san in ya ƙi, wanda za a ba zai watsa naman ne ko'ina ya kama gabansa. Abin da ya roƙa kwana uku ne kawai. Cikin kwana ukun nan ya bi ƙauye ƙauye, gida gida, yana faɗin magana ɗaya: "Ku ɗaure karnukanku. Kyanwa ku kife ta da kwando, ku aza dutse, ku sa mata ruwa a ciki. Kar ku saki sai na dawo na kwashe abin da ya rage na binne."

Ran kwana na ukun, da la'asar, na gamu da shi a hanyar Bawdeta ina kan kekena. Jakinsa ya kwanta a tsakiyar turba ya ƙi tashi, shi ma leɓunansa sun tsattsage. Yana ganina ya ce, "Malam, Allah ya kawo ka. Saura mani ƙauye biyu ta gabas, ga rana tana tafiya. Tungar surukarka kan hanyarka take. Don Allah ka biya ka gaya mata ta kife kyanwarta, gobe da safe za a zuba nama bakin rijiyarsu." Na ce masa an gama, ya kwantar da hankalinsa. Ya miƙo hannu don godiya. Ni kuwa, mai farar riga, mai takarda, sai na dafa ƙirji na yi kamar ban gani ba, don na san abin da hannun yake taɓawa.

Surukata, uwar matata Rakiya, ba zan kama sunanta ba ko a takarda. Gwaggo kowa ke ce mata. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza sun tsallaka Najeriya neman abinci, maƙwabta sun tashi. Mun yi mun yi ta dawo Kona wurinmu, tunda Rakiya na da tsohon ciki kuma ni ina ɗan samun abin sawa a baka, ta ƙi. Dalilinta ɗaya ne. A rumbunta akwai dami guda na irin gero, wani mai dogon kai da ta gada daga uwarta, wanda ba a samunsa a kasuwa. Ta liƙe bakin rumbun da laka don kada yunwa ta rinjaye ta wata rana ta buɗe. Anza take ci, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa kwana da kwanaki kafin su ciwu. Mai gadin rumbun kuwa wata farar kyanwa ce da ke kwana a ƙarƙashinsa, don a shekarar nan ɓeraye ma yunwa ta haukata su.

Na isa tungar, na jingine keke, na tako har bakin danga. Kun san tsakanin suruki da suruka. Tun da na auri ɗiyarta ban taɓa haɗa ido da ita ba. In na zo gaisuwa, daga nesa nake cire takalmi in durƙusa, wata tsohuwa ko maƙwabciya ta tsaya tsakani tana kai magana tana kawowa. Ran nan na duba gabas na duba yamma, babu kowa, tungar ta zama wayam. Na leƙa ta tsagar kara. Wayyo Allah. Tana durƙushe tana wanke anza, da wani tsumman zane da bai rufe mata kafaɗa ba, ƙasusuwan bayanta a fili, kyanwar na zaune gefenta tana yi mata hira kamar mutum. Na san in na yi sallama, wannan mata mai mutunci za ta gane surukinta ya gan ta a haka, ya ga abin da take ci. Kuma da wane baki zan buɗe, maganar farko da za ta taɓa shiga tsakanina da ita ta zama umarni a kan kyanwa?

Na aje tiyar geron da na zo da ita a bakin ƙofa, na ja kekena a hankali, na juya. A hanya ina lallashin kaina: ai gubar ta karnuka ce, me zai kai kyanwa bakin rijiya? Gobe da sassafe zan aiko wata mata daga Kona. Gobe ta yi, kamyon, babbar motar taimakon abinci, ya iso, aka sa mu malamai rubuta sunaye tun safe har yamma. Ban aika ba.

Kyanwa mai jin yunwa ta ji ƙanshin nama. Gwaggo ta tsince ta a ƙarƙashin rumbun, ta sandare. Da labarin ya zo Kona, Rakiya ta yi ta salati, ni kuwa na sunkuyar da kai a kan littattafan yara kamar gyara nake.

Wata uku bayan haka aka yi ruwan shuka. Gwaggo ta fasa lakar bakin rumbu. Ɓeraye sun huda ta ƙasa, sun yi gida a ciki. Abin da ta tarar ƙaiƙayi ne da kashin ɓera da sandunan zangarniya tsirara.

Ran kasuwar Bawdeta ta tako da ƙafa, da ƙwarya a ka. Ina wurin, ina cinikin gishiri, tsakanina da inda ake ɗaure jakuna bai fi taku goma ba. Ta tsaya a gaban Maharazu, ta sauke ƙwaryar, ta juye masa ƙaiƙayin a ƙafa.

Ta ce, "Kai ne mai guba?"

Ya miƙe tsaye ya ce, "Ni ne na zuba, Gwaggo."

Ta ce, "An ce ka bi gida gida ka yi gargaɗi. Har gidan da ba kowa sai ka yi sallama. Ni mi na yi maka? Don ba ni da miji? Don ba ni da ɗa a gida? Wata tara ina cin anza, damin nan na kallona ina kallonshi, ban zari kai ɗaya ba. Irin uwata ne. Ga shi nan, kwashe ka ci."

Maharazu ya ɗaga kai. Idonsa ya ratsa mutane ya same ni, wallahi ya same ni, mun dubi juna. Gishirin na zuba ta tsakanin yatsuna. Kalma ɗaya ta ishe shi. Sai ya mayar da kansa ƙasa ya ce, "Ki gafarce ni, Gwaggo. Ban iso gidanki ba. Laifina ne."

Ta ce, "Allah ya isa tsakanina da kai." Ta ɗauki ƙwaryarta ta juya. Ni kuma na bi ta bayan rumfuna na sulale, don kada in haɗu da surukata a hanya. Kun ji, har a lokacin kunyar nake riƙo da ita.

Tun daga ran nan sunan ya bi shi. Mutane suka mance da kwana ukun da ya yi yana yawo, suka mance da ɗaruruwan karnuka da kyanwoyin da suka tsira a ɗaure da ƙarƙashin kwando, suka riƙe ƙwaryar ƙaiƙayi. In an yi suna ko biki, a kwano dabam ake zuba masa, a can gefe. In akuyar wani ta mutu ba dalili, sai ka ji ana tambaya ko Mai Guba ya ratsa unguwar.

Maharazu, bari in juyo gare ka, ko da yake sai an karanta maka. Kai ne ka koma bakin kowace rijiya da kwando da tsinke, ka tsince ragowar naman ɗaya bayan ɗaya, ka haƙa rami har ƙugu ka binne karnukan da kai ka raina, kana kwance jan ƙyallen daga wuyan waɗanda masu su suka tafi suka bari. Kai ne ka ɗauko 'yar kyanwa a kwando ka kai wa Gwaggo, ta kore ka, ka aje a bakin danga ka tafi, ka koma bayan kwana bakwai ka leƙa ka ga ta sa mata kasko. Kai ne ka bi ƙauyuka har arewacin Mayahi kana cigiyar gero mai dogon kai, ka kawo mata cikin tafin hannu biyu, ta murza ta shinshina ta ce ba shi ba ne. Kai ne ka ji mutuwarta shekara uku bayan haka, ka zo jana'iza ka tsaya a sahun ƙarshe, ni ina sahun gaba ana yi mani gaisuwa. Mai haƙurin da ba a gode wa ba. Sau nawa muka haɗu a kasuwa cikin shekarun nan, kai ne kake fara cewa, "Malam, ina gajiya, ina iyali?"

Da aka sallame shi daga aiki ma bai zauna ba. Da jakinsa da buhunsa da gwangwanin kananzir ya ci gaba da bin kasuwanni, yana faɗin maganar ruwa da inuwa da kaska da allura. Ya ƙara guda ɗaya, wadda yake maimaitawa har a gaji da shi: duk gidan da ke da kyanwa, kada a zuba maganin ɓera a fili, kuma ɓeran da magani ya kashe a binne shi kafin ta gani. In ya zo nan muryarsa takan sauya. Mutane na zunɗen juna, wai ji wanda ke wa'azin guba.

Bana ma damina ta gaza, soja kuma sun sake karɓar mulki, kamar ana maimaita mana darasin da muka faɗi. Maganar mai igiyar nan ta hana ni sukuni. Ya makance, gobe sai a ce ya rasu, ya tafi da sunan da ni na ɗinka masa. Na zaunar da Rakiya na gaya mata komai, tun daga jakin da ya kwanta har tiyar gero. Ba ta yi kuka a gabana ba. Kwana biyu ba abin da ke haɗa mu sai ina kwana. Ran na uku ta tuƙa tuwon gero da miyar kuka, ta zuba a akushi, ta ɗaure da ƙyalle ta aje a gabana. Ta ce, "Inna ta tafi da fushin wanda bai yi mata komai ba, ta tafi tana sa maka albarka. Wannan ba ni da yadda zan yi da shi. Amma ka kai mashi wannan. Kuma kar ka aje ka taho. Ka zauna ku ci, kwano ɗaya."

Na same shi da hantsi a gindin bedin, hannunsa cikin kunnen karen. Na yi sallama, ya ce, "Malam Isufu ne? Muryar ba ta tsufa ba." Na cire takalmi na durƙusa. Na fara magana, harshe na sarƙewa, ni da na yi shekara talatin ina surutu a gaban allo. Ya bar ni har na kai ƙarshe.

Ya ce, "Na sani, Malam. Da na je tsintar ragowar naman na ga sawun kekenka. Ya zo har tungar. Sawun takalminka ya tsaya bakin danga, bai shiga ba."

Na ce, "To don mi ba ka faɗa ba? Kana kallona, ina tsaye!"

Ya ce, "In faɗa a tsakiyar kasuwa? Tsakanin suruki da suruka, ga ɗiyarta da jinjiri a gidanka? Haba Malam. Ni da ma mai karnuka ne, ba a cika son zama kusa da ni ba, abin da aka ƙara mani kaɗan ne. Kai kuwa gidanka ne zai tashi." Ya shafa kan karen. Sannan ya ce, "Kuma kar ka kwashe laifin duka. Hannuna ne ya zuba naman. Saƙon da ya kamata in kai da ƙafata na ba wani. Ba safiyar da zan wanke kaskon kyanwa ban tuna farar nan ba."

Na kwance ƙyallen akushin. Da ya ji ƙanshin miya sai ya laluba gefen turmi ya jawo wani ɗan kwano da ya lanƙwashe, ya miƙo ya ce in zuba masa nasa a nan. Na karɓi kwanon na aje can. Na ce Rakiya ta ce kwano ɗaya. Ya ce, "Tsaya, na taɓa kare." Na ɗauko buta da sabulu, na zuba masa ruwa ya wanke, sannan na kama hannun nan da na ƙi karɓa a hanyar Bawdeta na sa shi cikin akushin. Lomar farko bai kai baki ba, ya gutsura biyu, ya aje wa kyanwa, ya aje wa kare. Sai ya ce, "In ban da iyalina, rabona da sa hannu a kwano ɗaya da wani tun kafin yunwa." Hawaye suka zubo daga idanun da ba sa gani.

Da zan tashi ya riƙe mani riga ya ce, "Na ji an cika kasuwa da maganin ɓera a 'yan ƙulle ƙulle. Bana wa zai zagaya ya gaya masu?" Na ce ni. Na fara tun makon jiya, da tsohon kekena, kuma ba gidan da nake tsayawa a bakin danga, ko na surukan wa ne.

Mun gode, Maharazu. Madadin Ƙadri da garkensa, madadin Lauratu da jikokinta, madadin dabbobin da ba su da bakin godiya, mun gode. Allah ya saka maka, ya sa ruwan da ka zuba a kasake ya tarbe ka ranar ƙishirwa. Gwaggo kuwa, Allah ya jiƙanta, ya sanar da ita abin da na kasa sanar da ita.

Ku kuma masu karatu, ba na roƙonku babban abu. Ku nemi fasasshiyar tukunya ku zuba ruwa a inuwa. Ku duba kunnen karenku, ku kai shi allura, ku binne mushe, ku ɓoye maganin ɓera. In an ba ku saƙo ku kai shi, ko da kunya za ta kashe ku. In kuma hanya ta bi da ku bayan kasuwar Bawdeta, kuka ga tsoho kan kifaffen turmi, ku tsaya ku ba shi hannu, ku ce sannu Maharazu. Sunan da ubansa ya yanka masa rago ke nan. Ɗaya sunan kuwa, in lallai sai an kira wani da shi, gidana na nan Kona, gabas da lakwal.